Ra'ayi: Hayaƙin wasu, ambaliyar Damagaram

A farkon watan Satumban 2024, bayan an kwashe makonni ana tafka ruwan sama, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rufta. Bidiyon yadda katangunsa suka riƙa zubewa ya zagaya wayoyi cikin ɗan lokaci, har ya iske Damagarawan da ke ci-rani a Kano da Legas da Tamanrasset da Sabha. Ginin ƙasa ne da aka ɗora tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun. Yana tsaye Faransawa suka ci garin a 1899, yana tsaye aka yi yunwar Kakalaba, aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, aka sha farin 1973 da na 1984. Daminar 2024 ce ta kai shi ƙasa. Ita ce kuma daminar da ta yi ajalin mutum kusan 400 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, ta tilasta wa gwamnati ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa ƙarshensa, saboda wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu ne ke kwana a ciki.

Tun daga lokacin, duk fadar samarin da aka ɗora shayi aka tayar da zancen, bayani uku ake ji. Wani ya ce ƙaddara ce, a ja baki a yi shiru. Wani ya ce mata ne suka cinye daji da itacen girki, makiyaya suka ƙarasa shi da dabbobinsu. Na uku, wanda ya fi samun masu tafa masa a Facebook da TikTok, cewa yake zancen ɗumamar yanayi ƙirƙirar Turawa ce, don sun ga Nijar ta fara sayar da man fetur ɗinta. Ƙaddara gaskiya ce, kuma malamai ba su taɓa cewa ta hana mutum neman sanin sababi ba. Sauran biyun kuwa kurakurai ne masu tsada, kuma ba a gane inda suka kauce sai an san abin da ke cikin iskar da ke bisa garin.

A ɗauka mutum 10,000 ne suka cika kasuwar Dole ranar Alhamis, kowane ɗaya yana matsayin ƙwayar iska guda. Kimanin 7,800 daga cikinsu naitirojin ne, wadda waɗanda suka yi boko a Nijar suka fi sani da azot. Kusan 2,100 oksijin ne, iskar da huhu ke nema, wadda wuta ma ba ta ci sai da ita. Wasu 93 argon ne, iskar da ba ta shiga sabgar kowa. An kusa watse kasuwa ke nan. Mutum huɗu kacal suka rage, su ne kabon dayoksaid, iskar da ke fita daga hancin mai rai da salansar kabu-kabu da bututun masana'anta. Metan kuwa, sai an haɗa kasuwa hamsin irin wannan kafin a samu mutum ɗaya. Wannan lissafin busasshiyar iska ne. Tururin ruwa shiga yake yana fita, wani lokaci kusan babu shi, wani lokaci ya kai kashi 3 ko 4 cikin ɗari.

Tambayar da ta dace ita ce: mutum huɗu cikin 10,000, me za su iya? Hasken rana yana ratsa iska ya sauka a kan duwatsun Birni da rufin kwano da yashi, su ɗauki zafi. Ƙasa ba ta riƙe zafin nan, tana mayar da shi sama ta wani irin haske da ido ba ya gani amma fata na ji, irin wanda mutum ke ji bayan magariba idan ya jingina da bangon da ya wuni a rana. Naitirojin da oksijin, duk yawansu, ba sa tare wannan haske, wuce su yake kamar ba sa nan. Ƙirarsu ce ta zo da haka, zarra biyu iri ɗaya manne da juna. Tururin ruwa da kabon dayoksaid da metan kuwa suna da zarra uku ko fiye, suna kama hasken, su sake shi ta kowace fuska, har wani kaso ya dawo ƙasa. Su ne bargon duniya. Ba don su ba, da matsakaicin zafin doron ƙasa ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon digiri 15 da ake da shi, kuma da ba a yi gero ba, balle mai cin sa.

Turawa sun ba abin suna daga ɗakin gilashin da suke rainon tsirrai a lokacin sanyi. Ɗan Damagaram ba ya bukatar ɗakin gilashi, don yana ganin abin kowace shekara. A watan Janairu, da rana zafi na iya kai digiri 30, amma kafin asuba ya faɗo zuwa 15 ko ƙasa da haka, har mai gadi ya hura wuta. Iskar hunturu busasshiya ce, bargon ya yi siriri, zafin rana ya tsere sama cikin dare. A watan Agusta kuwa, idan iska ta cika da laima, dare ba ya saki, sai a kwana ana fifita. Tazarar da ke tsakanin zafin rana da na dare ta ragu, saboda tururin ruwa ya ƙara wa bargon kauri. Tururin ruwan ne ma ya fi kowace iska riƙe zafi. Sai dai ba shi ne ke jan ragama ba: cikin kwana tara ko goma yakan koma ruwa ya sauko, kuma yawansa ya dogara ne da zafin iskar. Kabon dayoksaid ce ke fara ɗaga zafin, iska mai ɗumi ta ƙara ɗaukar tururi, tururin ya ƙara ɗumin. Ita kuma idan ta hau sama, wani kaso nata sai ya yi ɗaruruwan shekaru bai sauko ba.

Wannan ilimi ya girmi rijiyoyin Agadem nesa ba kusa ba, kuma nan ne zancen makircin Turawa ke faɗuwa. A 1856, a shekarun da tubalin masallacin Birni ke sabo, wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Foote ta cika kwalabe da iskoki dabam-dabam ta ajiye a rana, ta ga mai kabon dayoksaid ta fi ɗaukar zafi. A 1859 John Tyndall ya auna abin dalla-dalla a Landan. A 1896, shekara uku kafin yaƙin Tirmini, Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya zauna da alƙalami ya lissafa yadda duniya za ta ɗumama idan aka ninka wannan iska. A 1958 Charles Keeling ya fara auna ta kullum a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, ya samu ƙwaya 315 cikin kowace miliyan. Yau ta haura 420. Kafin zamanin injuna 280 ce, kuma kumfar tsohuwar iska da ta maƙale cikin ƙanƙarar Antatika ta nuna cewa aƙalla shekara 800,000 ba a taɓa kai adadin yanzu ba. Wato a kasuwar Dole ta zamanin Tanimun mutanen nan ba su cika uku ba, yanzu sun wuce huɗu. Metan ta ninka fiye da sau biyu da rabi. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara rubutawa, da kimanin digiri 1.55 sama da na kafin zamanin masana'antu.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa da wannan, har a gidajen rediyo. Ɗaya shi ne hujewar rufin ozon, wanda matsala ce ta dabam, ta sinadaran firji da na feshi, kuma yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kama hanyar magance ta. Ɗayan shi ne hazo. Ƙurar da ke rufe Damagaram da hunturu, wadda mai yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi, tana sa tari da ciwon ido, amma cikin kwanaki take kwantawa. Iskar da ake magana a kanta ba ta da launi ba ta da wari. Ranar da sama ta fi tsabta ma tana nan.

Mutane kan ce: da an ce fari, yanzu kuma an ce ambaliya, wanne za a kama? Duka biyun, kuma babu tufka da warwara a ciki. Kowane digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururi na kimanin kashi 7 cikin ɗari. Tana tsotse ƙasa da sauri idan ba ruwa, tana juye shi da yawa a lokaci guda idan hadari ya haɗu. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan haduran Sahel masu tsanani sun ninka sau uku tun 1982, kuma ya danganta hakan da yadda Sahara ke ƙara zafi. Bayan daminar 2024, masanan World Weather Attribution sun lissafa cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan da aka yi a yankunan kogin Kwara da tafkin Chadi ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari. Su ne kuma suka duba zafin da aka yi a ƙarshen azumin shekarar, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu, suka ce da ba a taɓa iskar duniya ba, da irin wannan zafi bai auku ba. Manomin Tanout bai damu da jimillar ruwan shekara ba kamar yadda ya damu da rabonsa. Ruwan wata guda da ya sauka cikin dare ɗaya, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin, a littafin ma'aikata damina ce mai kyau, a gona kuwa sake shuka ne.

Sai a zo kan wa ya ɗora wa bargon nan kauri. Daga cikin duk kabon dayoksaid da aka fitar ta hanyar ƙona gawayin ƙasa da fetur da gas tun farkon zamanin injuna, Amurka kaɗai na da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Afirka baki ɗayanta, har da Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya, kimanin kashi 3 cikin ɗari. A yau China ce kan gaba da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake fitarwa kowace shekara. Ɗan Nijar ɗaya yana fitar da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na tan ba a shekara, Ba'amurke kuwa wajen tan 14. Abin da mai kabu-kabu na Sabon Gari da iyalinsa kowannensu ke fitarwa daga Janairu zuwa Disamba, mutumin Texas ya gama da shi cikin kwana uku.

Gaskiya ne idan aka sa metan a lissafi, kason Nijar yana ɗan ɗaguwa. Saniya da raƙumi da akuya suna gyatsar metan, kuma metan, duk da cewa shekara goma sha biyu take yi a sama, ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi kusan sau 80 cikin shekara ashirin na farko. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da ake lissafa wa Nijar daga noma da kiwo da sarar daji yake fitowa. Amma tun 1991 wasu masana biyu 'yan Indiya, Anil Agarwal da Sunita Narain, suka ja hankali cewa ba daidai ba ne a ɗora hayaƙin neman tsira da hayaƙin jin daɗi a sikeli ɗaya. Garken Bafulatanin Belbeji shi ne abincinsa da asusunsa da gadon 'ya'yansa, a ƙasar da ba abin da ke fitowa sai ciyawar wata uku.

Kuma an taɓa yin wannan ɗora laifi, aka dawo aka gane ba haka ba ne. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da fari ya kashe dabbobi ya cika Kano da 'yan gudun yunwa, bayanin da ya fi karɓuwa a wajen masana shi ne cewa manoma da makiyayan Sahel ne suka kore ruwa da kansu, ta hanyar yawan kiwo da sara. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna a mujallar Science cewa sauyin zafin tekuna ne babban dalili. Bincike na baya kuma ya nuna cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya ja daminar ta yi kudu. Kakannin da suka ci wahalar shekarar El Buhari sun sha yunwa, sun kuma sha zargi a kan laifin da mafi yawansa ba nasu ba ne. Bai kamata jikokinsu masu wayar salula su ɗauki wannan zargi su maimaita a kan matar da ke ɗauko itace daga bayan gari ba. Hayaƙin murhunta yana kisa, amma ita da ɗan da ke bayanta yake fara kamawa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara.

Nan ne zancen SORAZ ke shigowa. Matatar da aka buɗe a Nuwamban 2011 a arewa da Damagaram, kan hanyar Tanout, an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, kamfanin CNPC na China na da kashi 60, Nijar na da 40. Duniya na shan kusan ganga miliyan 100 a rana. Abin da SORAZ ke tacewa daga safiya zuwa safiya, duniya ta ƙone shi cikin daƙiƙa 17. Ko an haɗa da ganga 90,000 da aka tsara bututun Benin zai riƙa ɗauka tun da ya fara aiki a 2024, kason Nijar kimanin kashi ɗaya cikin dubu ne kawai. Duk wanda ya zo daga ƙasar da ta gina arzikinta da gawayin ƙasa na shekara ɗari biyu ya ce wa Nijar ta bar manta a ƙasa, ba tare da ya ajiye wani abu a madadinsa ba, bai cancanci a saurare shi ba. A nan masu zargin Turawa suna da gaskiya. Inda suka ɓata shi ne da suka ɗauka sai an ƙaryata kimiyyar kafin a kare wannan haƙƙi. Kimiyyar ce ma hujjar: ita ce ke nuna wanda ya cika sama da wanda bai cika ba. Wanda ya ce babu ɗumamar yanayi ya yafe bashin da ake bin wasu ke nan ba tare da an roƙe shi ba.

Bashin kuwa ba a biyansa da daɗin rai. A Kopenhagen a 2009 an yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, ba a cika ba sai bayan wa'adi, kuma mai yawansa rance ne. A Sharm el-Sheikh a 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, a Dubai a 2023 aka yi masa alkawarin kusan dala miliyan 700, kuɗin da bai kai ɓarnar damina ɗaya a Sahel da tafkin Chadi ba idan za a yi lissafin gaskiya. A Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa sun nemi fiye da tiriliyan ɗaya, aka tsaya a biliyan 300. A Janairun 2025 Amurka ta sake sanar da ficewa daga yarjejeniyar Paris. Wanda ke jiran wannan kuɗi kafin ya gyara indararonsa zai daɗe yana jira.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne gas ɗin girki. SORAZ na fitar da shi, kuma duk da cewa shi ma daga fetur yake, tukunyar da aka ɗora a kansa ta fi ta itace sauƙi ga huhu, ga daji, har ga iskar kanta idan aka lissafa baƙin hayaƙi da bishiyar da ba a sare ba. Amma har yanzu kusan gida tara cikin goma a Nijar da itace ko gawayi suke girki, kuma a garin da matatar ke bayansa ana samun lokutan da mutum zai zagaya da tulun gas a bayan babur bai samu ba. Idan akwai wata siyasar yanayi da ta dace da jihar Damagaram, ta fara daga nan: ƙaramin tulu mai araha, wanda ake samu a Mirriah da Magaria da Gure kamar yadda ake samun katin waya. Sannan a riƙa auna metan da ke yoyo ko ake ƙonawa a rijiyoyi da bututu, a bayyana adadin ga jama'a, don wannan dukiya ce ke tashi a banza.

Akwai kuma abin da ba za a ɗora wa iska ba. Masanan da suka ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan 2024 ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 ba su ce ita ta toshe magudanan ruwa ba. Damagaram gari ne da ke zaune kan dutse, ruwa ba ya nutsewa, gudu yake yana neman tabki, kuma tabkunan da magabata suka bari ana ta cike su da shara ana yanka filaye. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana leda, amma duk wanda ya leƙa lambatu a Zango ya san inda dokar ta tsaya. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ta yi hasashen damina mai yawan ruwa tun kafin a yi shuka a 2024. Masallacin Birni kuwa, rahotanni sun ce an ga tsagewa a jikinsa makonni kafin ya faɗi, kuma tsohon garin yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa, kowace shekara kafin ruwan farko. Kalmar sauyin yanayi ta fara zama rigar da kowane jami'i ke yafawa idan gada ta karye, kuma 'yan jarida na da laifi wajen karɓar ta ba tare da tambaya ta biyu ba. Sanin cewa manyan hadura sun ninka sau uku ƙarin nauyi ne a kan ma'aikatar magajin gari, don magudanar da aka auna da ruwan 1980 ta riga ta yi kaɗan.

Mazauna ƙetare ma suna da hannu, don da kuɗinsu ake gina sabbin unguwanni. Mutum ya yi shekara biyar yana dako a Aljeriya ko gadi a Abuja, ya aiko a saya masa fili ta waya, bai tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa ke bi ba. A ɗora bulo da siminti, a rufe da kwano kusa da kai, ba sili, ba bishiya a tsakar gida, don ginin ƙasa ya zama na talaka. A watan Afrilu ɗakin ya koma tanda, a kwashe tsohuwa a kai ta ƙarƙashin darbejiyar maƙwabta. Soron ƙasa mai kaurin bango yana shan zafin rana ya sake shi a hankali, kuma maginan da suka iya shi ba su ƙare ba tukuna. Abin da yake nema shi ne tushe mai tsayi na dutse ko siminti, indararo mai kyau da yaɓe a kan lokaci. Gidan da aka gina bana zai ga 2060, kuma 2060 za ta fi bana zafi ko da duk duniya ta cika alkawuranta.

Abu mafi girma da wannan yanki ya yi wa iskar duniya kuwa, ba a birni aka yi shi ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maradi da Damagaram suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, su zaɓi biyu ko uku su sassabe sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Da Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka bi sawu da hotunan sama da na ƙasa, suka tarar da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200. A Magaria da Matameye da Mirriah kaɗai kusan hekta miliyan ɗaya ce, mafi yawanta gawo. Gawo bishiya ce mai saɓa wa sauran: tana zubar da ganye da damina ta bar wa gero rana, ta yi kore da rani ta ba dabba 'ya'ya, kuma ƙwayoyin halittar da ke saiwarta suna jawo naitirojin ɗin nan, mutum 7,800 na kasuwar Dole, su mayar da shi taki. Jikinta kuwa, kusan rabin nauyin busasshen itacenta kabon ne da ta zaro daga sama. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukuncin kisa a kan mai sare gawo. Dokar Faransawa da ta biyo baya ta mayar da bishiya ta gwamnati, manomi ya ga toho a gonarsa ya zama hanyar tara daga jami'an gandun daji, sai ya riƙa cire shi tun yana ƙarami. Bishiyoyi sun dawo ne lokacin da manomi ya tabbata cewa abin da ya raina nasa ne, kuma sai a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara wannan aiki ta amince da haƙƙin mai gona.

Yanzu kabon da ke cikin waɗannan bishiyoyi ya zama haja. A taron Baku aka kammala ƙa'idojin cinikinsa tsakanin ƙasashe, ta yadda kamfanin jirgin sama ko na mai zai biya a riƙe bishiya a wani wuri, shi kuma ya ci gaba da hayaƙinsa. A 2023 kamfanin Blue Carbon na Dubai ya nemi yarjejeniyar da za ta ba shi iko a kan kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙasar Laberiya don wannan ciniki, sai da 'yan ƙasar suka tayar da ƙura. Gonakin gawo na Kance da Dungas ba za su daɗe ba a ƙwanƙwasa musu ƙofa ba, kuma yankin da a 2013 ya rasa mafi yawan mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya, galibi mata da yara, ba ya cikin halin raina kuɗi. Kafin wani ya sa hannu a Yamai, ya kamata a karanta takardar da Hausa a ƙofar maigari, a faɗi nawa ake sayar da tan ɗaya a kasuwar duniya, nawa zai shiga hannun mai gona, shekara nawa aka ɗaure shi, da kuma ko zai iya saran reshe ya ba tumakinsa a watan Mayu ba tare da ya nemi izinin kowa ba.